Farar Wuta, Aikin Dare

Ƙarfe biyun dare a Oberhausen,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar ɗakin gwaji
kamar mai bin bashi.
Irmtraud Pawlak tana tsaye a bayana,
hannu cikin aljihun farar riga.
Shirunta ya fi tsawar wani nauyi.

Ina zuba farin garin fosfin
cikin asid mai hayaƙi, cokali-cokali,
tulun gilas na zaune cikin ƙanƙara har wuya.
"Sannu-sannu, Tuncay," in ji ta,
"wannan ruwa bai san wasa ba.
Ka bari ya yi zafi, ka dafa asara."

Ga abin da ya ɗaure mini kai shekarar fari:
da gangan muke liƙa masa farar wuta,
uku cif, kowane zobe da tasa,
don ya narke a ruwa, ya riƙe rodiyam gam,
kada ƙarfen mai tsada ya bi mai ya sulale.
Mu juya kuma mu shiga farautar farar wuta,
wadda ba ta kama ba, 'yar rakiya,
mai laɓewa a gindin tulu tana jiran sa'a.

Na ce, "Ai dangi ɗaya ne."
Ta ce, "Haka kawunaina biyu.
Ɗaya ya gina mana gida,
ɗaya ya sayar da kwanon rufin."

Sai a tsarma da ruwa, a saki naitirojin,
kumfa na tashi ɗaya bayan ɗaya
tana kore warin nan mai shaƙe maƙogwaro.
Awa uku. Babu abin yi sai kallo.
Bayan nan a raba ruwa da mai,
a ɗiga soda, a zubar da tatar farko,
gishiri ya kwanta fari fat a kan matata.

A watan Nuwamba ne na yi abin.
'Yata Nehir na kwance da zazzaɓi,
taragon ƙarshe na tashi goma da kwata.
Na murɗe bakin iskar saura minti arba'in,
na rubuta awa uku a littafi
da rubutu mai kyau, irin na marar laifi.

Mako uku babu labari.
Rannan babbar tukunyar masana'anta ta fara ja da ƙafa,
rodiyam da ya fi zinariya kuɗi
ya yi lamo kamar kazar da ta sha ruwan sama.
Injiniyoyi suka yi ta hawa da sauka a matakala,
kowa na zargin famfo, na zargin bututu.

Irmtraud ba ta kira sunana ba.
Takarda ta ajiye gefen kofin gahawata,
zanen na'ura, layi miƙe sambal,
sai wani ɗan tsini a inda bai kamata ba,
bai kai ƙayar kifi ba.
Ta ɗora farce a kansa.
"Babana ya yi shekara talatin a ramin kwal," ta ce,
"da hanci yake gane ta, tun kafin fitila ta nuna.
Ita ba ta mantuwa. Yaya jikin yarinyar?"

Ni na kai kaina ofis da safe.
Abin da aka ce mini can, nawa ne.

Bana ta yi ritaya, ta bar mini kujerarta mai gurguwar ƙafa
da agogon girki da take auna lokaci da shi.
Ga kumfa na tashi, ga ni zaune.
Na ji tarago ya wuce, ƙararsa ta bi gada ta ɓace.
Saura minti arba'in.
Na ƙara gahawa, na gyara zama.